Takardar da ke Ƙasan Adakar Baba

Bayan an yi sadakar arba'in, Inna ta sa aka jawo adakar Baba daga ƙarƙashin gado, ta ce in buɗe tunda ni ne babba. A sama rigunansa ne na Sallah da huluna, sai wasu littattafan addu'o'i da suka sha hannu. Can ƙasa muka tarar da wata leda an naɗe ta da zare. Takardu uku ne a ciki: takardar ɗaukarsa aiki a masaka ta shekarar 1973, katin ƙungiyar ma'aikatan masaku mai hotonsa tun gemunsa bai fara furfura ba, da wata takardar albashi da ta koma ruwan ƙasa don tsufa. Baba bai yi boko ba, da ajami yake rubuta lissafinsa. Amma ya ajiye waɗannan takardu na Turanci wuri ɗaya da takardar gidanmu, ya tsare su daga gara da laimar damina shekara da shekaru bayan masakar ta rufe.

Ɗan ƙanwata yana tsugune kusa da ni a ranar. Maigadi ne a wani banki a cikin gari, shekararsa ta shida ke nan yana tsayuwa a ƙofa ɗaya. Ya karɓi takardar ɗaukar aikin ya karanta har ƙasa, sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, wai da har rubuta wa mutum ake yi?" Na ce masa har yanzu haka doka ta ce a yi. Ya yi shiru bai musa mini ba, amma na ga bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba.

A Kakuri na tashi, a kudancin Kaduna, lokacin da jiniyar masaku ce agogon unguwa. Da ita mata ke sanin lokacin ɗora tukunya, da ita muke sanin mun makara. In ta yi kuka aka yi canjin ma'aikata, titi yakan cika da kekuna har mota ta rasa hanya. Tun da aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna, masaku suka yi ta tsirowa a wannan gefen kogi, su Nortex da Arewa da UNTL, audugar Funtuwa da Gusau da Zariya tana shigowa, atamfa da akoko suna fita. Bahaushe da Tibi da Idoma da Bajju da Bayarabe duk a kan layin inji ɗaya, ƙurar auduga iri ɗaya a gashin kowa. Baba a ɓangaren kaɗi yake, cikin waɗanda albashinsu ya fi na kowa ƙanƙanta. Ba mu taɓa yin arziki ba. Amma ba mu taɓa kwana da fargabar cewa gobe za a ce masa kada ya dawo ba, kuma sai da na girma na gane wannan ma dukiya ce.

Ina aji huɗu na firamare inji ya cinye yatsu biyu na wani abokin Baba, maƙwabcinmu. Da ya fito daga asibiti sai aka ba shi takarda cewa sakacinsa ne, a ƙarshen wata ya karɓi abin da ya rage masa ya tafi. Da daddare aka taru a zauren gidanmu. Wakilin yuniyon na sashensu ya zo, wani ɗan siririn mutum mai biro biyu a aljihu, ya zauna a kan tabarma ya sa aka faɗa masa komai daga farko: ƙarfe nawa abin ya faru, awa nawa mutumin ya yi a tsaye, yaushe aka fara kai ƙarar cewa murfin injin ya cire. Ina laɓe a bakin ƙofa ina ji. Ya rubuta, ya ce wa maƙwabcin namu, "Malam, kada ka sa hannu a komai sai ina wurin." Ba a yi yajin aiki ba, ba a fasa ko gilashi ɗaya ba. An yi mako uku ana shiga ofishin manaja ana fita. A ƙarshe aka biya shi diyya, aka mayar da shi sito inda zai iya aiki da hannun da ya rage. A can ya yi ritaya.

Na daɗe ina zaton ƙarfin mutumin nan mai biro biyu daga bakinsa yake. Yana da baki kam, amma akwai abin da ke bayansa. Dokar ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda cikin wata uku, mai bayyana irin aikinsa da ladansa da yadda za a rabu in rabuwa ta zo. Ta ba shi hutun shekara na aƙalla kwana shida da albashinsa, da hutun rashin lafiya har kwana goma sha biyu. Ta hana a kori mutum don ya shiga ƙungiya. Sai kuma a 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin da ke warwatse ta mayar da su 42, kowace sana'a da tata, ta ɗora su ƙarƙashin uwa ɗaya, NLC, wadda Hassan Sunmonu ya fara shugabanta. Aka tilasta wa kamfanoni su amince da ƙungiyar, su kuma cire kuɗinta daga albashi kai tsaye su miƙa mata. A takardar albashin Baba akwai layin wannan cirewa, 'yan kwabbai. Soja ba don son talaka suka yi haka ba, so suke su san wanda za su kira in ta ɓaci, su kuma raba ƙungiyoyin da tsofaffin 'yan gwagwarmaya irin su Michael Imoudu, wanda ya ja ragamar yajin aikin 1945 da ya wuce kwana arba'in. Amma tsintsiyar da aka ɗaure don a ji daɗin riƙe ta, ita ce kuma ta yi shara. Kuɗi ya riƙa shigowa kowane wata, ƙungiya ta ɗauki ma'aikata nata, ta horar da wakilai, ta zauna da ƙungiyar masu masaku ta ƙulla yarjejeniya ɗaya da ta hau kan kowace masaka. Adams Oshiomhole daga cikin masakun Kaduna ya fito, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, tun kafin sauran ƙasa ta san sunansa.

Wasu masu bincike biyu daga Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun yi shekaru suna nazarin masakun Najeriya, suka rubuta littafi a kan ƙarfin ƙungiyar. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bincikensu shi ne bambancin Kaduna da Kano. Doka ɗaya ce a garuruwan biyu. Amma a manyan masakun Kaduna ƙungiya ta kafu a cikin ma'aikata, ita ake tuntuɓa kafin a hukunta mutum. A yawancin ƙananan kamfanonin Kano kuwa, ta hannun wani ake shiga aiki, a kan alfarmarsa ake zama, kuma masu kamfani sun daɗe suna toshe wa ƙungiya ƙofa. Wanda aka kawo shi aiki don darajar mai unguwa ko wani alhaji, da wane baki zai kai ƙara? Doka tana rubuce a Legas, amma sai an sami mai ɗaukar ta ya shiga da ita ɗakin inji, in ba haka ba nan za ta tsaya a takarda.

Shekarar 1981 ita ce ta fi zama a bakin su Baba, ta ma fi shekarar ƙarin albashin Udoji, duk da cewa da ariyas ɗin Udoji ne rabin unguwarmu suka sayi rediyo da keke. A watan Mayu NLC ta kira yajin aikin gama-gari tana neman naira 300 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Aka daidaita a kan naira 125, Majalisa ta mayar da shi doka, Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu. Wannan ne karo na farko da ƙasar ta sami irin wannan doka. A shekarar ce kuma ranar 1 ga Mayu ta zama hutu a ƙasa baki ɗaya, bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta riga ta fara a Kano a 1980. Naira 125 ta lokacin ta kai kimanin dala 200. Litar fetur kwabo 15 ce da ɗan ɗoriya, wato albashin mafi ƙanƙantar ma'aikaci zai sayi lita 800.

Sai dai tun ranar da aka saƙa wannan riga da ɓula a jikinta. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba. Ba ta hau kan mai aikin ɗan lokaci ba, ko wanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da ya yi, ko mai aikin gona na damina. Ƙanen Inna ɗan dako ne a kasuwa, wani ɗan'uwan Baba yaron mota ne, yarinyar da ke wanke-wanke a gidan akawun masaka daga ƙauyenmu aka kawo ta. Babu wanda naira 125 ta shafa a cikinsu. A lokacin ba mu damu ba, domin kowa yana ganin wurinsa na jiran layi ne: masaku suna ƙaruwa, gwamnati tana ɗaukar masinja da mai shara da direba, yau ko gobe ɗan dako zai sami wanda zai kai shi ƙofar kamfani. Ana ganin shingen zai yi ta faɗaɗa har ya zagaye kowa.

Shingen bai faɗaɗa ba, tsukewa ya yi. Tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya naira, kayan gyaran inji da sinadarin rini suka yi tsada. Babangida ya rushe shugabancin NLC a 1988 lokacin Ali Ciroma, Abacha ya sake rushe shi a 1994 ya ɗaure su Frank Kokori. Wuta ta zama sai an gani, baƙin mai ya yi wuya, atamfar waje ta cika kasuwa ta kan iyaka da ta tashar jirgin ruwa. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, tsakanin nan tasu Baba ma ta bi sahu. Ƙungiya ta yi iya yinta, ta yi zanga-zanga, ta je Abuja, ta ja wasu kamfanoni har suka biya haƙƙin sallama. Amma ƙungiya ba ta iya kunna injin da aka kashe. Baba ya yi shekaru yana zuwa taron tsofaffin ma'aikata da wannan ledar a aljihun rigarsa, yana jiran giratuti, har ƙafa ta gaza.

Rufe masaku kowa ya gani, an yi ta rubutu a kai. Abin da bai yi ƙara ba, kuma a ganina ya fi cin ƙananan ma'aikata, shi ne yadda aka canza ma'anar ɗaukar aiki a wuraren da ba su rufe ba. Daga 2003 gwamnatin tarayya ta shiga gyaran aikin gwamnati, ta ce shara da gadi da tuƙi da kula da fulawoyi ba aikinta ba ne, a ba 'yan kwangila. Bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa da manyan asibitoci duk suka bi wannan hanya, wasunsu ma sun riga gwamnati. Matakan nan na ƙasa su ne tsanin da ɗan talaka marar takardar makaranta yake hawa ya shiga cikin masu fansho. Masinjan da na sani a sakatariya ya aurar da 'ya'ya bakwai, ya je Makka da kuɗin sallamarsa. Wanda ke share ofishin nan a yau ba ma'aikacin ofishin ba ne, ko da ya shekara goma yana share shi.

Ana cikin haka aka gyara dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005. Kowa ya san dalili: tun daga 2000 NLC ƙarƙashin Oshiomhole take tsayar da ƙasa cik duk lokacin da aka ƙara kuɗin mai, Obasanjo kuma ya gaji. Gyaran ya rubuta ƙarara cewa shiga ƙungiya ganin dama ne, ya buɗe ƙofar a sami uwar ƙungiya fiye da ɗaya, wanda ya ba TUC damar yin rajista, ya hana yajin aiki a ayyukan da aka kira na dole, har da lafiya da ilimi, ya kuma sa sharaɗin sai an kaɗa ƙuri'a kafin a tafi yaji. Ba na jayayya da cewa bai kamata a tilasta wa mutum shiga ƙungiya ba. Amma ganin dama sai mai dama. Injiniyan da kamfanoni uku ke zawarcinsa, shi ne zai zaɓa. Yaron da ya zo neman gadi, mutum arba'in suna tsaye a bayansa a layi, in aka nuna masa da ido cewa nan ba a son zancen yuniyon, ya riga ya ga damar da aka ga masa. Dokar da ta hana a kore shi don ya shiga ƙungiya tana nan ba a goge ba. Sai dai ba korarsa za a yi ba, kwangilarsa ce kawai ba za a sabunta ba.

Ga yadda ɗan ƙanwata yake aiki. Bankin yana biyan wani kamfanin tsaro kuɗi a kan kowane maigadi. Kamfanin yana cire nasa, ya cire kuɗin kaki da takalmi, ya tura masa saura ta waya, wani watan a kan lokaci, wani watan sai an shiga na gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Awa goma sha biyu yake yi a tsaye. In ya yi rashin lafiya shi zai nemo wanda zai tsaya masa, ya biya shi daga aljihunsa. Ya taɓa tambayar wani jami'in bankin zancen ƙari, aka ce masa, cikin mutunci kuwa, ai shi ba ma'aikacinsu ba ne. Ya je kamfanin tsaron, aka ce bankin bai ƙara ba. Rijiya ta ce guga ne, guga ya ce rijiya ce. Abin da ya sa hannu a kai ranar da aka ɗauke shi fom ne mai shafi ɗaya, da sunayen mutum biyu da za su tsaya masa in wani abu ya ɓata, kuma ba a ba shi kwafi ba. Ni ne ɗaya daga cikin mutum biyun. Ashe ni ma na sa hannu a takardar da ke kare kamfani daga gare shi, ban tambayi wadda ke kare shi daga kamfani ba. Wannan abu yana damuna har yau.

Matarsa kuma tana koyarwa a wata makarantar kuɗi ta cikin unguwa, mai malamai goma sha biyu. Ita doka ma ba ta san da zamanta ba. A 2019, da aka kai mafi ƙarancin albashi naira 30,000, an sauko da adadin ma'aikata daga 50 zuwa 25, kuma ci gaba ne. Amma makarantun unguwa nawa ne, gidajen burodi nawa, gidajen mai da kemis da masana'antun ruwan leda nawa ne ke da mutum 25? Wanda ya kai ma yana iya raba su gida biyu a takarda. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna aikin da ba ya cikin tsarin hukuma. Dokar 1974 kuwa har yanzu ita ce ke aiki, da tarar da aka yanka tun naira tana naira: akwai laifin da tararsa naira 800 ce, kuɗin da ba zai sayi kwanon abinci a bakin titi ba. Sufetocin ƙwadago da ya kamata su riƙa zagaya ma'aikatu, ɗan ƙanwata bai taɓa ganin ko ɗaya ba. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka buɗe wani kamfanin shinkafa a Kano suka fito da ma'aikata fiye da ɗari da aka kulle a ciki tsawon watanni lokacin korona. Na tuna mutumin nan mai biro biyu da na ji labarin. Da akwai irinsa guda ɗaya a cikin wannan kamfani, da ba a kwana uku ƙofa tana kulle ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa ƙungiyar ƙwadago ba ta da amfani, ko da yake na san abin da ke sa mutane faɗin haka. Sun ga an kira yajin aiki da safe an janye da daddare. Sun ga Janairun 2012, da talakawa suka cika tituna a Kano da Kaduna da Legas bayan an kai litar mai naira 141 daga 65, aka rasa rayuka, sannan shugabanni suka janye a kan naira 97 ba tare da sun waiwayi waɗanda ke kan titi ba. Sun ga shugabannin ƙwadago suna komawa 'yan siyasa. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna da tushe. Amma in ka duba kowane ƙari da aka taɓa yi, naira 5,500 a 2000, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, babu wanda gwamnati ta wayi gari ta bayar don raɗin kanta. Na 2024 ma sai da aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya aka rufe filayen jirgin sama ranar 3 ga Yuni, sannan gwamnatin da ta riga ta taso daga 48,000 zuwa 60,000 ta ƙara matsawa, kafin Tinubu ya sa hannu a kan 70,000 a ƙarshen Yuli, aka kuma rage wa'adin sake duba dokar daga shekara biyar zuwa uku. Da aka kawo ƙudiri a Majalisa a 2021 don a bar wa kowace jiha ta yanka nata mafi ƙarancin albashi, ƙungiya ce ta tare ƙofar Majalisa. Wanda ya san cewa sai a 2024 Zamfara ta fara biyan 30,000 ɗin da aka sa hannu a kansa tun 2019, ya san abin da zai sami malamin firamare da ma'aikacin ƙaramar hukuma in aka sakar wa gwamnoni wannan igiya.

Abin da ke ci mini rai shi ne lissafin da ke ƙarƙashin nasarar. Naira 70,000 a ranar da aka sa hannu ba ta kai dala 50 ba. Kafin shekarar ta ƙare litar mai ta haura naira 1,000, wato albashin da ya taɓa sayen lita 800 ya koma ba ya sayen 70, buhun shinkafa kuma ya fi ƙarfinsa. Wannan ga wanda aka biya ke nan. Ga wanda ke wajen shinge kuwa, sanarwar ƙarin albashi takan zo masa ta bakin mai gidan haya da mai shago da ɗan adaidaita, waɗanda suka ji a rediyo cewa ma'aikata sun samu. Ba na cewa ƙarin ne ya kawo tsada, cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023 sun riga sun yi wannan aiki. Kuma adadin yakan zama ma'auni ko ga wanda bai shafa ba, matar ɗan ƙanwata da shi ta kafa hujja har mai makaranta ya ɗan taɓa mata. Amma abin da ta samu roƙo ne, ba haƙƙi ba, kuma abin da aka bayar don roƙo ana iya janye shi ranar da aka ga dama.

A wurin su Baba, adadin da ke cikin doka shi ne ƙasan tukunya, ba shi ne tuwon ba. Abin da suke ci shi ne yarjejeniyar da ƙungiyarsu ke sabuntawa da masu masaku: kuɗin aikin dare, kuɗin haya, asibitin kamfani, yadin Sallah, da ƙa'idar cewa ba a korar mutum sai an ji ta bakinsa a gaban wakilinsa. Yau ƙarfin NLC ya koma kan ma'aikatan gwamnati, malamai da ma'aikatan lafiya da na ƙananan hukumomi, domin su ne suka rage masu albashin da ake iya cire kuɗin ƙungiya daga ciki. Ba laifinsu ba ne, su ma a wuya suke. Amma gwagwarmayar ta tattara a kan lamba ɗaya da ake ja a Abuja duk bayan 'yan shekaru, a gaban kyamarori, alhali wurin da ƙaramin ma'aikaci ke shan wuya shi ne bakin ƙofa, ranar Talata da rana, lokacin da aka ce masa ya tuɓe kaki ya ajiye.

Ko kalmar ma ta canza gida. In ka ce "ɗan yuniyon" a Kakuri a 1980, mutumin nan mai biro biyu ake nufi. In ka faɗa wa yaro yau, tasha zai nuna maka, wurin masu yankar rasit da lodin mota. Ina ganin akwai abin lura a nan da ya wuce takaici. Mutanen da doka ta bari a waje ba su zauna haka nan ba. 'Yan adaidaita da 'yan acaɓa da teloli da masu gyaran waya da 'yan dako duk suna da ƙungiyoyinsu, da shugaba da ma'aji da adashe, suna haɗa kuɗi in ɗayansu ya yi haɗari ko aka yi masa haihuwa. Ƙungiyar masaku da kanta, da membobinta suka ragu, ta juya ta shiga tattara teloli masu zaman kansu a jihohi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan talaka ya riga malamai saninsa. Abin da ya rasa shi ne dokar da za ta ce wanda kake yi wa aiki shi ne ubangidanka ko ta hannun wa ya biyo, wadda za ta cire sharaɗin mutum 25, ta sa tarar da za ta yi zafi. Sai kuma uwar ƙungiyar da za ta kashe kuɗinta da lokacinta a kan mutanen da ba za a iya cire musu komai daga albashi ba tukuna. Malamanmu suna yawan tuna mana umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, kuma ban taɓa jin an ce sai in sun kai ashirin da biyar ba.

Inna ta ce in riƙe takardun, ni na fi sanin darajarsu. Bayan kwana biyu ɗan ƙanwata ya biyo ta gidana da yamma, da kakinsa a leda zai tafi aikin dare. Ya gaishe ni, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Kawu, takardar nan ta Baba Tsoho, ko zan iya ɗaukar hotonta?" Na ɗauko masa. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya danne gefen da ya naɗe da yatsa, ya ɗauka da wayarsa sau uku har rubutun ya fito sosai. Ya ce su goma sha huɗu ne masu gadi a rassan da ke kusa, suna da adashe da suke haɗuwa a kai ranar Lahadi ta farkon wata, yana so ya nuna musu. Ya tambaye ni a wane sashe na dokar aka yi maganar wata ukun nan. Na ce sashe na 7. Ya ari biro a wurina ya rubuta a tafin hannunsa, ya ɗauki ledarsa ya fita don kada ya makara.